Yadda ake saita ƙaramar na'urar hangen nesa a kalli wata da taurari a Zariya

Kusan duk wanda ya kawo mini na'urar hangen nesa a cikin kwalinta, kuka ɗaya yake zuwa da shi: an cuce shi, jabu aka sayar masa, ya kafa ta a tsakar gida bayan isha'i ya leƙa har idonsa ya kawo ruwa bai ga komai ba sai duhu. In na duba, galibi na'urar lafiyarta ƙalau. Abu biyu ne ke kayar da sabon shiga. Yakan bari sai dare ya yi sannan ya fara harhaɗawa, alhali rabin aikin da rana ake yin sa. Sannan yakan ɗauko gilashin da ya fi kowanne ƙarfi ya fara da shi. Na daɗe ina wannan harka a nan Zariya, daga tsakar gidanmu a Samaru har filayen da ke bayan Shika, kuma hanyar da zan zayyana ita ce nake bi da duk wanda ya zo koyo.

Kayan aiki

Na'urar iri biyu za ka fi cin karo da su. Akwai doguwa siririya mai gilashi a baki, ana leƙawa ta gindinta. Irinta Galileo ya haɗa a Italiya a 1609, bayan labarinta ya iso masa daga Holan inda aka fara nuna ta a 1608. Akwai kuma mai kauri wadda bakinta a buɗe yake, madubi na can ƙasan bututun, ana leƙawa ta gefe, ƙirar da Isaac Newton ya fito da ita a Ingila a 1668. Ga mai farawa a garin da ƙura ke yin wata uku zuwa huɗu tana sauka, na fi son ta farko, don bututunta a rufe yake kuma ba ta bukatar a riƙa gyara zaman madubi. Ta biyu ta fi tara haske a kuɗi ɗaya, amma tana son hidima.

A jikin bututun za ka ga lambobi biyu, misali D=70mm da F=700mm. Ta farko faɗin bakin gilashi ce, ita ce ainihin ƙarfin na'ura, domin ita ke nuna yawan hasken da take tarawa. Ta biyu nisan da hasken ke yi a ciki kafin ya haɗu wuri ɗaya. Ka riƙe su, za mu yi lissafi da su. Na'ura mai baki 70 ko 80 ta ishi mai koyo shekaru.

Sai ƙananan gilasan da ake kafa ido a kansu, waɗanda nake kira maleƙai. Kowanne da lambarsa a jiki: 25, 20, 10, wani lokaci 4. Sai ɗan ƙaramin bututun da ke hawa bayan babba, ɗan jagora, wanda da shi ake nemo abu kafin a leƙa. Wani gilashi ne mai zanen gicciye a ciki, wani kuma jan ɗigo yake haskawa da batirin CR2032. Sai gwiwa, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfe mai madubi da ke sa ka leƙa ta sama maimakon ka kwanta a ƙasa. Sai ƙafa uku da kan da ke riƙe bututun.

Daga gida kuma ka tanadi tocila ƙarama, jar leda da robar ɗaure kuɗi, kujera 'yar tsugunno, galan ɗin ruwa na lita huɗu ko biyar da igiya, littafin rubutu da fensir, da waya mai caji. In damina ce ka haɗa da maganin sauro, in hunturu ne da rigar sanyi da hula, domin sanyin Zariya na Disamba da Janairu ba ya raga wa wanda ya zauna wuri ɗaya.

In ba ka riga ka saya ba, ka lura da abu uku. Kwalin da aka rubuta wa 525x da manyan baƙaƙe, ka yi hattara da shi, zan nuna maka dalili a gaba. Ka tambayi kaurin maleƙan: inci 1.25 shi ne ma'aunin da za ka samu ƙari a kansa nan gaba, siraran nan na inci 0.965 kuwa yawanci na kayan wasa ne. Kuma ka sa a kafa maka ƙafafun a shagon, ka ɗan bugi bututun da yatsa ka ga ko zai daina rawa da wuri. Na'urata ta farko a wani shago na saye ta ba tare da an buɗe kwalin ba. Gilashin mai kyau ne, amma ƙafafun kamar karan dawa, iska kaɗan sai wata ya yi ta tsalle a idona. Sai da wani mai walda a Sabon Gari ya ƙera mini wasu na bututun ƙarfe kafin na fara jin daɗinta.

Wanda ba shi da na'ura amma yana da tabaron hangen nesa na hannu mai ido biyu, kada ya raina shi. Mai lamba 7x50 ko 10x50 zai nuna maka manyan ramukan wata, da watannin da ke zagaye Mushtari, wato Jupiter, in ka riƙe tabaron da kyau, kuma wajen neman jinjirin wata ya ma fi babbar na'ura sauƙi.

Kafin komai, rana

Kada ka taɓa juya na'ura ko tabaro wajen rana, ko da daƙiƙa ɗaya, ko da hazo ya dusashe ta har ana iya kallonta da ido. Gilashin da ke tara hasken tauraro shi ne zai tara zafin rana ya zuba maka a ido, kuma ƙunar ba ta warkewa. Wasu na'urori sukan zo da wani ɗan baƙin gilashi da aka rubuta wa SUN, ana murɗa shi a maleƙi. Ka jefar da shi, zafi na iya fasa shi idonka na kai. Tabaron rana, fim ɗin hoton asibiti, gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, duk ba sa tsare ido. Kuma kada ka bar na'ura a kafe a tsakar gida da rana ka shiga ɗaki, yaro abin da zai fara nema ke nan.

1. Harhaɗawa da rana

Ka yi wannan bayan la'asar, a inuwa. Buɗe ƙafafun sosai, amma kada ka zaro tsawonsu duka, gwargwadon gajartarsu gwargwadon ƙarfinsu. Ɗora bututun, ka ɗaure sukurorin da hannu kawai, ban da filaya, don yawancinsu a cikin roba suke hawa kuma da sun kwance haƙora shi ke nan. Rataya galan ɗin ruwan a tsakiyar ƙafafun da igiya, ya ɗan yi sama da ƙasa kaɗan. Wannan nauyin shi ke kashe rabin rawar. Cire murfin baki gaba ɗaya. Na faɗi haka ne don murfin wasu na'urori hawa biyu ne, ƙarami a tsakiyar babba, mutum ya cire ƙaramin ya ɗauka ya gama, ya yi ta kallo ta 'yar kafa. Saka gwiwa, sannan ka saka maleƙin da ya fi kowanne babbar lamba, 25 ko 20.

In kan na'urarka irin mai karkata ne, mai ƙarfen nauyi a gefe da lambobi a zagaye, to an yi shi ne don bin juyin sama. Zariya tana kan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka ka saita ma'aunin karkatar a kan 11, ka fuskantar da sandar kan zuwa arewa. A irin wannan ƙaramar karkata, ƙarfen nauyin yakan bugi ƙafa, sai ka juya kan yadda nauyin zai sauka tsakanin ƙafafu biyu. In abin ya rikita ka a daren farko, ka saki makullan biyu ka riƙa tura bututun da hannu, koyon sauran ya biyo baya.

2. Saita ɗan jagora

Nan ne gaba ɗayan sirrin yake, kuma nan ne mutane ke tsallakewa. Babbar na'ura ɗan yanki kaɗan na sama take nunawa, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Ɗan jagora kuwa fili babba yake gani. In ba su kalli wuri ɗaya ba, za ka sa wata a tsakiyar ɗan jagora, ka leƙa babba ka tarar da duhu, ka ce na'ura ta lalace.

Nemi wani abu mai nisa da ba ya motsi, a gefen da rana ba ta nan: kan hasumiyar masallaci, ƙololuwar ƙarfen sabis na waya, ko kan falwaya. Ya kai aƙalla rabin kilomita, in ya fi haka ya fi kyau. Kada ka zaɓi reshen bishiya, iska na kaɗa shi. Ka manta da ɗan jagora tukuna. Sa idonka a bayan babban bututun kamar mai auna bindiga, ka juya shi wajen abin, sannan ka leƙa maleƙi. Za ka ga fari fat ko dishi-dishi. Murɗa abin daidaita gani a hankali, daga wannan ƙarshe har wancan, sai hoto ya fito tas. Matsa bututun kaɗan-kaɗan har kan hasumiyar ya zo tsakiya daidai, ka ɗaure makullan.

Yanzu koma kan ɗan jagora ba tare da ka taɓa babban bututun ba. Yana da sukurori biyu ko uku a zagaye. Sassauta ɗaya, ɗaure ɗaya, har gicciyen ko jan ɗigon ya hau kan wannan wurin da ka gani a babba. Sake leƙa babba, don sau da yawa hannu yakan gota shi. In ya gota, mayar da shi ka sake. Da sun yi daidai, cire maleƙi 25 ka saka 10, ka sake tsakaita hasumiyar, ka ƙara gyara ɗan jagora. Wannan zagaye na biyu shi ke sa da dare ka nemo Zuhal, wato Saturn mai zobe, cikin minti ɗaya.

Kada ka damu in ka ga hasumiya kanta a ƙasa a cikin ɗan jagora, ko ka ga hagu ta koma dama a babba. Haka gilashi ke yi, kuma a sama babu ruwan kowa da hakan. Abin da zai ɗan wahalar da kai shi ne ka tura bututu dama hoto ya tafi wani gefen. Ka yi ta gwadawa da rana har hannunka ya saba.

In ɗan jagoranka ya karye ko batirinsa ya mutu, ɗauki bututun biro marar tawada ka manna shi da salatif a bayan babban bututu, ka cusa 'yar takarda a ƙarƙashinsa har ya kalli hasumiyar. Ya isa nemo wata da manyan taurari.

Abu ɗaya na ladabi: lokacin wannan gwaji kada bakin na'urarka ya kalli gidan mutane. Ko niyyarka tsarkakakkiya ce, maƙwabcin da ya hango ka ba zai sani ba.

3. Lissafin ƙarfi

Raba lambar F da lambar maleƙi. A na'ura mai F=700, maleƙi 25 zai ba ka ninki 28, maleƙi 10 ninki 70, maleƙi 4 ninki 175. Wato babbar lamba ƙaramin ƙarfi ce, ƙaramar lamba babban ƙarfi, akasin abin da mutum zai zata. Akwai kuma wani dogon gilashi mai suna Barlow da ke ninka ƙarfin sau biyu ko uku. In ka haɗa mai ninki uku da maleƙi 4, ga 525 ɗin da aka rubuta a kwali.

Amma kowace na'ura tana da iyaka, kuma iyakar kusan ninki biyu ce na faɗin bakinta. Mai baki 70 ba ta wuce 140, shi ma sai daren da iska ta kwanta. Abin da ya haura haka ƙaton hoto ne mai duhu da ba ka tsintar komai a ciki. Ni mafi yawan dararena tsakanin 28 da 70 nake ƙarewa. Kullum ka fara da ƙaramin ƙarfi, ka nemo abin, ka sa shi tsakiya, sannan ka hau.

4. Wane dare, kuma a ina

Mafi kyawun sama a Zariya ita ce ta ƙarshen damina, daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya wanke ƙura, gajimare ya janye, hazo bai iso ba. Ko a tsakiyar damina, daren da aka yi ruwa da yamma sannan gari ya washe, sama takan yi tsaf har ka rasa inda za ka fara. Da hazo ya sauka, taurarin da ke ƙasa-ƙasa sun tafi, amma kada ka naɗe kaya: wata da Mushtari suna huda hazo, kuma abin da ke saman kai bai cika dusashewa ba, don ƙurar da haskensa ke ratsawa ba ta kai ta gefe yawa ba.

Wuri kuma, ƙasa ko ciyawa ta fi siminti. Rufin kwano da dakalin bene suna shan zafin rana yini guda, da dare su riƙa sakin sa, sai ka ga gefen wata yana rawa kamar abin da ke ƙarƙashin ruwa. Haka in ka kalli abu ta saman murhu ko hayaƙin janareto. Kada ka kalla ta taga daga cikin ɗaki. Fitar da na'urar waje minti ashirin zuwa talatin kafin ka fara, gilashin ya yi sanyi ɗaya da iskar waje.

Don wata da manyan taurari, tsakar gida a Tudun Wada ko cikin Birni ta wadatar, ka dai juya wa fitilar sola baya. Daren da aka ɗauke wuta kuwa riba ce. Don abubuwa masu dishi-dishi sai an fita bayan gari, kuma a nan ina roƙonka kada ka tafi kai kaɗai, ka zaɓi wurin da aka san ka. Ka fara gaida mai unguwa ko 'yan sintiri tun da haske, ka nuna musu kayan, ka bari su leƙa. Dogon bututu a kan ƙafa uku cikin duhu yana kama da abin da ba shi ba. Ka nisanci barikin soja, kuma in kana da tocilar leza mai koren haske kada ka ɗaga ta sama in jirgi na wucewa, ka san kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a garin nan take.

Ido yana bukatar minti ashirin zuwa talatin a duhu kafin ya buɗe sosai, kuma farin haske na daƙiƙa kaɗan ya isa ya mayar da kai baya. Naɗe bakin tocilarka da jar leda ninki biyu ko uku ka ɗaure da roba. Jan haske ba ya ɓata sabon ido da duhu kamar fari.

5. Waya

Sauke manhajar Stellarium, akwai ta kyauta. Ka tabbatar ta gane kana Zariya kuma agogon wayar daidai yake, sannan ka kunna jan allonta na dare. Za ta nuna maka abin da ke sama yanzu da lokacin da kowanne zai fito. In ka ɗaga wayar tana nuna gabas a inda ka san kudu ne, ka matsa daga ƙofar ƙarfe ko mota, ka jujjuya ta a iska kamar kana rubuta lamba 8.

6. Wata

Da shi za ka fara. Kuskuren kowa shi ne jiran daren sha huɗu. A daren nan rana na haska shi gaba da gaba, babu inuwa, sai farin faifai mai kashe ido. Ka fito tsakanin daren huɗu da na goma, ka kalli layin da ya raba haske da duhu. A nan rana ke fitowa a kan wata, inuwar duwatsu ta yi tsawo, kowane rami ya fito da bakinsa da zurfinsa. Layin yana matsawa kowane dare, don haka abin da ka gani jiya ba shi za ka gani yau ba.

Wajen daren bakwai zuwa takwas za ka ga doguwar sarƙar duwatsu mai lanƙwasa da ake kira Apennine. Wajen tara zuwa goma ramin Copernicus zai fito, faɗinsa kimanin kilomita 93, da tuddai a tsakiyarsa. Can gefen da ramuka suka yi cunkoso akwai Tycho, kilomita 85, wanda fararen layukansa ke bazuwa in wata ya cika. Baƙaƙen shimfiɗun da ake kira tekuna ba ruwa ba ne, narkakken dutse ne da ya malala ya daskare tun zamani mai nisa. A ɗaya daga cikinsu 'yan sama jannatin Apollo 11 suka sauka a Yulin 1969. Za a tambaye ka ko ana ganin tutarsu. Ba a gani. Wata yana nisan kilomita kusan 384,000, kuma na'ura mai baki 70 ba ta rarrabe abin da bai kai kamar kilomita uku ba.

Za ka lura wata yana zamewa daga gani. Ba na'urar ce ta kwance ba, duniya ce ke juyawa, digiri 15 a kowace awa, har wata yakan gusa gwargwadon faɗinsa cikin minti biyu. Ka riƙa ajiye shi a gefen da yake shigowa, ka saki bututun, ka bar shi ya ratsa da kansa. In haskensa ya dame ka, mayar da babban murfin ka cire ƙaramin na tsakiya, amfaninsa ke nan.

A Zariya wata da Mushtari sukan bi ta tsakar ka, kuma a nan bututu ke wuyar juyawa, wuyanka ma ya ƙage. Ka kama su kafin su kai can, ko bayan sun ɗan gangara.

In za ka nuna wa wani, ka fara gaya masa kada ya riƙe maleƙin. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta daɗe tana ganina da wannan kaya, ran nan ta ce, “Ɗan nan, me kake nema ne a sama kullum?” Na ajiye mata kujera na ce, “Inna, ki rufe ido ɗaya da tafin hannu, ɗayan ki kawo shi nan, kada ki taɓa.” Ta yi ta kai ido tana janyewa tana cewa duhu ne, har na ga ɗan farin haske ya sauka a kan ƙwayar idonta, alamar ta samu daidai. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, “Subhanallahi, ashe fuskarsa duk zanzana ce.” Tun daga ranar nake duba wannan ɗigon haske a idon mai kallo, shi ke gaya mini ko yana gani ko kunya ce ta sa ya ce ya gani.

Hoto da waya kuma, sa maleƙi 25, kawo kyamarar daidai bakinsa, taɓa wata a allo ka ja hasken ƙasa sosai. Ka ɗauki da yawa, kaɗan ne za su fito.

7. Mushtari, Zuhal da Zara

Waɗannan ba sa ƙyaftawa kamar sauran taurari, haskensu a tsaye yake. Manhaja za ta gaya maka wanda ke sama a wannan watan.

Mushtari a ninki 28 ɗan faifai ne da ɗigo huɗu a jere, wani lokaci uku ko biyu in wasu sun ɓuya. Su ne watanninsa da Galileo ya gani a Janairun 1610: Io, Europa, Ganymede da Callisto. Na kusa yana zagaye shi cikin ƙasa da kwana biyu, na nesa cikin kusan kwana sha bakwai. Zana su a littafinka yau, ka sake gobe, za ka ga sun sauya wuri. A ninki 70 ka zauna ka yi haƙuri, idonka a kai minti biyar ko goma. Iska takan lafa na ɗan lokaci, sai ratsi biyu masu ruwan ƙasa su bayyana a jikinsa. Wanda ya leƙa ya ɗaga kai nan take ba zai gan su ba. Wajen daidaita gani, ka yi amfani da ɗigon watannin: in sun zama ƙanana kamar bakin allura, ka samu.

Zuhal ƙarami ne ƙwarai, amma daga ninki 40 zuwa sama zobensa na fitowa. A 2025 zoben ya juyo mana da gefensa har ya zama kamar zare, abin da ke faruwa kusan duk shekara goma sha biyar, kuma zai yi ta buɗewa a hankali har wajajen 2032. Ɗan ɗigon da ke kusa da shi Titan ne, babban watansa.

Zara, wato Venus, wadda in ta fito da asuba muke kira Gamzaki, tana da siffofi irin na wata: wani lokaci rabi, wani lokaci lauje. Ka kalle ta tun sama na da sauran haske bayan faɗuwar rana, ta fi fitowa da kyau.

8. Masu dishi-dishi

Waɗannan sai daren da babu farin wata, da maleƙi 25. Kaza da 'ya'yanta, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ido na ganin shida ko bakwai, tabaron hannu kuwa zai nuna maka gommai. Ƙasa da taurari ukun nan da ke jere a tsakiyar tarin taurarin da ake kira Orion akwai wani gajimaren iskar gas inda ake haihuwar sababbin taurari. Toka-toka za ka gan shi, ba mai launi irin na hotunan intanet ba, don waɗancan kyamara ce ta daɗe tana tara haske. Dabarar ita ce kada ka zura masa ido kai tsaye, ka ɗan kalli gefensa, gefen ido ya fi jin ƙaramin haske.

A Afrilu da Mayu, daren da gajimare ya ba da dama, ka fuskanci kudu. Muna da abin da mutanen Ingila ba sa gani ko kaɗan: taurarin gicciyen kudu, da dunƙulen taurarin da ake kira Omega Centauri da ke hawa kusan digiri 30, kamar an barbaɗa gari wuri ɗaya. Dunƙulallen hannunka in ka miƙe shi kusan digiri 10 ne, da shi za ka riƙa awo.

9. Jinjirin wata

Tun da rana ka duba manhaja ka ga inda jinjirin zai tsaya da yammacin ranar 29 ga wata da tazararsa da rana. In tazarar ba ta kai kamar digiri 7 ba, ko da na'ura ido ba ya kama shi, kuma wanda bai kai awa goma sha biyar da haihuwa ba da wuya ƙwarai a gan shi da ido tsirara. Nemi wurin da yamma ke buɗe babu gini babu bishiya. Ka lura da daidai inda rana ta faɗi, ka yi masa alama da wata bishiya ko tudu, amma kada gilashi ya hau idonka sai ta nutse gaba ɗaya. Daidaita ganin tabaronka a kan Zara in tana nan, ko a kan abu mafi nisa da kake hange, domin in ganin bai daidaita ba siririn jinjiri narkewa yake a cikin jan sama. Jingina gwiwar hannu a kan katanga ko rufin mota, ka riƙa share sama a hankali hagu zuwa dama, daga saman alamar, kana hawa kaɗan-kaɗan. Lokacin gajere ne, galibi daga minti goma sha biyar zuwa arba'in bayan faɗuwar rana. A nan yankin yakan kwanta kamar kwale-kwale, ƙahoninsa suna kallon sama ko sun ɗan karkata. Ka yi hattara da siririn gajimare da farin layin da jirgi ke bari, su sukan sauya siffa cikin minti ɗaya, jinjiri kuwa siffarsa ba ta sauyawa, sauka kawai yake yi. In ka gan shi, rubuta lokaci da wuri da gefen da ƙahonin suka kalla, ka nuna wa na kusa da kai, sannan ka kai wa dagaci ko hakimi, su ne ke isar da shi har fadar Sarkin Musulmi. Hukuncin ganin da aka yi da na'ura kuwa na malamai ne.

10. Naɗe kaya

In raɓa ta sauka a gilashi, abin da ke yawan faruwa a Oktoba, kada ka goge kuma kada ka rufe. Shiga da na'urar ɗaki ka kwantar da ita a buɗe har ta bushe, sannan ka sa murfi. Gilashin da aka rufe da danshi a damina yakan yi fumfuna ta ciki, kuma ita cin gilashi take yi. 'Yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa a kwalin takalmi ko na magani, ka tara su ka zuba a jakar maleƙai.

Ƙurar hunturu yashi ce mai kaifi. In ka goge ta da bakin riga ko hankici, ka kankare fatar gilashin ke nan har abada. 'Yar ƙura kaɗan ba ta rage gani, ka ƙyale ta. In ta yi yawa, hure ta da ɗan famfon roba irin na masu gyaran kyamara, ba da baki ba, sannan ka shafa a hankali da ƙyallen goge tabarau mai tsabta da ɗigon ruwan goge gilashi, daga tsakiya zuwa gefe. Kashe jan ɗigon ɗan jagora kafin ka ajiye, in ba haka ba gobe batiri ya ƙare. In ka cire ɗan jagoran daga mazauninsa, ko na'urar ta sha jijjiga a bayan babur, sai ka sake saita shi a kan hasumiya kafin magariba ta gaba.